Bayani a kan Ruwan Sabon Kandami da Abin da ke Kashe Kifi a Cikinsa

 

Kiwon kifi a bayan gida ya zama sana'ar mutane da yawa a Kano da Zariya da Katsina da sauran garuruwa. Ɗan kasuwa ya kan ware wani abu daga jarinsa ya gina kandami na siminti, malami kuma ya kan kafa na tamfol a gefen zaure don ya sami abin cefane. Sana'ar ba ta yau ba ce, gama tun 1951 gwamnati ta fara gonar kifi a Panyam ta ƙasar Filato, amma a wancan zamani tafkuna ne manya na ƙasa. Kandamin bayan gida kuwa ɗan ƙarami ne, kifinsa ya yi yawa, ruwansa kaɗan, kuma a nan ne hasara ta ke ɓuya.

Ga yadda al'amarin ya saba faruwa. Mutum ya gama gini yau, gobe ya cika ruwa, jibi ya sayo 'ya'yan tarwaɗa ɗari biyar ya zuba. Kwana biyar na farko kifi na cin abinci suna wasa, mai gida na murna. Daga mako na biyu sai su fara ƙin abinci, su taru a gefe su rataye tsaye, kai sama wutsiya ƙasa. Kafin wata ya cika an kwashe rabinsu matattu. Sa'an nan sai zato ya tashi. Wani ya ce kambun baka ne, wani ya ce mai sayar da iri ne ya cuce shi, wani ma ya kai ga tuhumar maƙwabcinsa da zuba guba da dare. Zumunci ya kan lalace a kan wannan, alhali kuwa gubar ba daga waje ta zo ba. Kifin ne da kansa ya ke yin ta, ruwan kuwa bai riga ya sami masu kawar da ita ba.

Duk ɗalibin da ya karanta Ishmawi ko Risala ya san ana duba ruwan tsarki da siffa uku: launinsa, da ɗanɗanonsa, da warinsa. Wannan hukunci ne na alwala da wanka, kuma ya isa ga abin da a ka ajiye shi dominsa. Amma ba shi ne ma'aunin rayuwar kifi ba. Ruwa ya kan kasance garau kamar idon zakara, ba wari ba launi, amma yana kisa. Wani kuma ya yi kore da gansakuka, mai tsabta ya ƙyamace shi, kifi kuwa na ƙiba a ciki. Saboda haka mai kiwo yana bukatar wani ilmi a kan wanda ya ke da shi.

Asalin maganar wani sinadari ne da a ke kira naitirojin. Shi ne mafi yawan iskar da mutane ke shaƙa, kashi 78 cikin ɗari, kuma da shi a ke gina tsoka. Abincin kifi na buhu cike ya ke da shi, domin kashi 35 zuwa 45 cikin ɗari nasa mai gina jiki ne. Kifi ya ci, ya riƙe wani sashe ya yi nama da shi, saura kuma ya fitar. Mutane suna tsammanin kashin kifi shi ne dattin duka. Ba haka ba ne. Mafi yawa yana fita ne ta jan naman nan da ke ƙarƙashin kunnen kifi, inda ya ke numfashi, yana narkewa cikin ruwa ba a gani. Sunan wannan abu amoniya. Wanda ya taɓa shiga akurkin kaji da ba a share ba, idonsa ya yi yaji, ya san shi. Shi ne kuma ke cikin zarnin tsohon fitsari, da ɗan abin da ke bugun hanci in an buɗe daddawa sabuwar nuna. Abincin da kifi bai ci ba, in ya nutse ya ruɓe, shi ma amoniya ya ke komawa.

'Yan kasuwa sun fi gane magana da lissafi, to, ga shi. Kowane kilo ɗaya na abinci yana haifar da amoniya kimanin giram 30 zuwa 40. A ɗauki kandami mai tsawon mita 2, faɗin mita 2, zurfin ruwa mita 1, watau lita 4,000, cikin duro ashirin ke nan. An zuba kifi 500, kowane giram 10, jimla kilo 5. Ana ba su giram 250 na abinci kullum. Wannan ya ba da amoniya kusan giram 9 a yini, wanda in an raba shi cikin ruwan zai kai miligiram 2 a kowace lita. A rana ɗaya tak an wuce haddin da a ke so, gama abin nema shi ne kada ya kai miligiram 1. In ba abin da ke ɗauke shi, a mako guda ya ninka bakwai. Da kifi 50 a ka fara, da kashi ɗaya cikin goma na wannan za a samu.

To, me ya sa kifi ke zama shekara da shekaru a tsohon kududdufi, ba mai canja masa ruwa? Domin kifin kaɗan ne, ruwan da yawa, kuma laka da tsakuwa da saiwar ciyayi na kududdufin sun cika da waɗansu ƙananan halittu da a ke kira bakteriya, waɗanda ba a ganinsu sai da madubin likita. Ba duka irinsu ke kawo cuta ba. Waɗannan abincinsu shi ne gubar nan. Ƙungiya biyu ce. Ta farko tana cin amoniya ta mai da shi wani abu mai suna naitirait. Ta biyu tana cin naitirait ta mai da shi naitiret. Sunayen biyu sun yi kama, amma halinsu ya yi nesa da juna: na farko makashi ne, na biyu taki ne, irin wanda ke cikin takin zamani. Ciyayi da gansakuka su sha naitiret su girma, dabba ta ci ciyawa, al'amari ya koma inda ya faro. Wannan shi ne kewayen naitirojin.

Ba a daɗe ƙwarai da gane wannan ba. A shekarar 1877 waɗansu masana biyu na Faransa, Schloesing da Muntz, su ka cika dogon bututu da yashi da farin dutse, su ka riƙa ɗiga ruwan kwata a sama suna gwada abin da ya fito a ƙasa. Kwana ashirin amoniya na fita kamar yadda ya shiga. Bayan nan sai naitiret ya bayyana, amoniya ya ɓace. Su ka busa hayaƙin maganin nan na sa barci da likitoci ke aiki da shi a lokacin, sai aikin ya tsaya cik. Su ka zuba ruwan da a ka jiƙa ƙasar lambu a ciki, sai ya dawo. Da haka su ka tabbata mai rai ne ke yin aikin, ba yashi ba. A 1890 wani masani haifaffen Kiyef, Sergei Winogradsky, yana aiki a birnin Zurik, ya ware halittun, ya nuna ƙungiya biyu ce. Ta farko a ka san ta da Nitrosomonas, ta biyu Nitrobacter. Daga baya, a 1998, bincike ya nuna cewa a matatun ruwan kifi wata ce mai suna Nitrospira ta fi yin aiki na biyu, a 2015 kuma a ka gano akwai irin Nitrospira da ke yin aikin biyu ita kaɗai. Mai kiwo ba ya bukatar haddace sunayen. Abin riƙewa daga labarin shi ne kwana ashirin ɗin nan na bututu, gama su ne kwanakin da kifinsa ke mutuwa a ciki.

Dalilin jinkirin shi ne waɗannan halittu masu nawar haihuwa ne. Bakteriyar da ke lalata miya ta kan ninka kanta cikin minti ashirin ko talatin, shi ya sa tuwon dare ke tsami kafin hantsi a bazara. Waɗannan kuwa sai su yi kusan yini ɗaya kafin ɗaya ta zama biyu. Sabon siminti da sabon tamfol babu su a jiki sai ƙalilan da ƙura ta kawo. Ƙungiya ta farko ta kan ɗauki kwana goma zuwa mako biyu kafin ta yi yawan da za ta rinjayi amoniya. Ta biyu ba ta da abinci sai ta farko ta yi aiki, ga shi kuma yawan amoniya yana danne ta, don haka ta kan makara. Jimla mako huɗu zuwa shida in ruwa na da ɗumi, tsakanin digiri 25 da 30. Da hunturu, in ruwa ya sauko ƙasa da 20, sai ya kai wata biyu ko fiye.

Nan ne tarko ya ke. Mai kiwo ya ga an wuce mako biyu, mutuwa ta lafa, ya ce an tsira, ya ƙara abinci. Ashe lokacin ne naitirait ke hawa. Shi kuwa naitirait aikinsa a jini ya ke. Yana shiga ta wurin numfashin kifi, ya ɓata jan abin da ke ɗaukar iska cikin jini, har jinin ya koma kalar ƙasa-ƙasa kamar ruwan shayi mai kauri. In an buɗe kunnen kifin da ya mutu a ka ga naman ya bar ja ya koma haka, an sami shaida. Mutane su kan ce tarwaɗa ba ta mutuwa da sauƙi, tun da tana hawowa ta shaƙi iskar sama, tana ma yin sa'o'i a kasuwa cikin daro ba ruwa sosai. Gaskiya ne ta fi karfasa juriya nesa. Amma shaƙar iska ba ta amfanin wanda jininsa ya kasa ɗauka. Masu bincike a ƙasar Holan, waɗanda su ka gwada tarwaɗar Afirka, sun ba da shawara a 2014 da 2015 kada naitirait ya wuce miligiram 0.6 a lita, naitiret kuwa su ka yarda da shi har 140. Tazarar ta fi ninki ɗari biyu.

Akwai wata mas'ala game da amoniya da ta kamata a tsaya a kanta, domin tana shafar abin da ke cikin kowane gida. Amoniya a ruwa kashi biyu ne, mai kisa da mai sauƙi, kuma abin da ke raba su shi ne ko ruwan ya karkata wajen tsami ko wajen kanwa. Ma'aunin wannan ana ce masa pH. 7 shi ne tsakiya, abin da ya haura ya nufi wajen kanwa. A ruwa mai ɗumin digiri 30, in ma'aunin na kan 7, mai kisan bai kai kashi 1 cikin ɗari ba. A kan 8 ya haura kashi 7. A kan 9 ya kusa rabi. Watau amoniya iri ɗaya, wanda kifi ya kwana da shi lafiya, zai iya kashe shi in ma'aunin ya motsa. Sabon siminti yana tsatso farar ƙasa cikin ruwa, ya tura ma'aunin har 10 ko sama. Shi ya sa a ke jiƙa sabon kandami, a bar shi kwanaki, a zubar, a sake, har wajen mako biyu ko uku. Waɗansu su kan jefa guntayen kututturen ayaba su ruɓe a ciki don tsaminsu ya taimaka. Haka nan wanda ya ga kifinsa na ciwo ya jefa musu kanwa ko toka da nufin magani, ya ƙara wa gubar kaifi ne da hannunsa. Ruwa mai kore shi ma ma'auninsa na hawa da rana, ya kai ƙololuwa wajen La'asar, ya sauko da dare. Iskar numfashi kuwa da Asuba ta fi ƙaranci. Saboda haka mai gwaji ya gwada a waɗannan lokuta biyu.

Yanzu sai yadda a ke kafa al'amarin. Halittun nan ba cikin ruwa su ke yawo ba, manne su ke a jikin abu, cikin ɗan santsin nan da hannu ke ji a bangon randa. Bangon kandami kaɗai bai ishe su wurin zama ba. Sai a sami duro, a cika shi da tsakuwa wankakkiya, ko fasassun tukwane, ko gawayi, ko marafan robobin lemo, a sa ɗan injin famfo ya riƙa ɗebo ruwan kandami yana zubawa a sama, yana tsiyayowa ya koma. A sa soso ko buhu a bakin duron ya tare kauri, a riƙa wanke shi. A rufe duron, gama ba su son hasken rana. Iska kuwa suna cinta ƙwarai: kowane giram na naitirojin da za su juya yana cin iskar oksijin giram huɗu da rabi. Don haka ruwan ya riƙa faɗowa yana fantsama. In wuta ta ɗauke, famfo ya tsaya sa'o'i da yawa, ruwan da ya kwanta cikin duron ya kan shaƙe su ya yi ɗoyi. Kada a mai da wannan ruwa cikin kandami, a zubar da shi waje. Wanda ke da hali ya haɗa famfon da sola da batir.

Hanya mafi aminci ita ce a kafa su tun kifi bai zo ba. A cika kandamin da a ka riga a ka jiƙa, a kunna famfo, a riƙa jefa ɗan abincin kifi kullum ya ruɓe, ko a rataya ɗan ƙullin kashin kaji busasshe cikin tsumma, har gwaji ya nuna amoniya miligiram 2 ko 3. Kayan gwajin ƙananan kwalabe ne da a ke ɗiga su cikin ruwa a kwatanta launi da takarda, ana samunsu wurin masu sayar da kayan kiwon kifi, kuɗinsu kuma bai kai hasarar rabin kandami ba. Za a ga amoniya ya hau ya sauka, naitirait ya biyo baya ya hau ya sauka. Ranar da a ka ƙara amoniya da safe, washegari a ka tarar da shi da naitirait duka sun koma sifiri, ruwa ya nuna. Sa'an nan a zubar da rabi, a ƙara sabo, a kawo kifi.

Ana iya gajarta kwanakin da dabarar da matan Fulani su ka sani tun dā, su da ke barin ɗan tsohon nono a ƙwarya don sabuwar madara ta yi saurin kamawa. A roƙi wanda kandaminsa ya daɗe, kifinsa kuma lafiyayyu, ya ba da bokiti ɗaya na tsakuwar matatarsa. A kawo ta a jiƙe, cikin sa'a ɗaya ko biyu, a haɗa da sabuwa. Wannan ya kan rage jiran da rabi ko fiye. Tsohon ruwa kaɗai ba ya yin wannan aiki sosai, tun da ba a ruwan su ke ba. Sharaɗi dai a tabbata da lafiyar inda a ka ɗebo, domin tsakuwa na ɗauko cuta kamar yadda ta ke ɗauko alheri.

Wanda ba zai iya jira ba, ya fara da kifi kaɗan, kashi ɗaya cikin goma na abin da ya yi niyya, ya ba su abinci da ƙwauro, ya ƙara su sannu a hankali bayan wata guda. Wanda kuwa ya riga ya zuba duka, yanzu ga kifi a rataye, abin yi uku ne. Ya tsai da abinci kwana biyu; kifi ba ya mutuwa da yunwar kwana biyu, kuma tausayin da ke sa a ƙara masa abinci a wannan hali shi ke ƙarasa shi. Ya zubar da sulusin ruwan ko rabinsa ya ƙara sabo, kullum, har gwaji ya sauko. Ya narka gishirin miya, rabin kilo zuwa kilo ɗaya ga kowace lita 1,000, ya zuba. Gishiri ba ya kawar da naitirait, amma yana tare masa ƙofar da ya ke shiga jini ta nan. Gishiri a ka ce, ba kanwa ba.

Ruwan da za a ƙara shi ma a duba shi. Na famfon gwamnati ya kan zo da maganin kulorin, wanda a ka sa don ya kashe bakteriya, kuma ba ya rarrabe ta kirki da ta banza. A tara shi a buɗaɗɗen tanki kwana ɗaya ko biyu tukuna. Na rijiyar burtsatse ba shi da wannan, amma ya kan fito ba iska a cikinsa, sai a bar shi ya faɗo daga sama ya fantsama.

Abin mamaki, mafi yawan masu rushe wannan gini masu tsabta ne. Mutum ya yi mako shida yana renon halittun, ran nan ya ga santsi a bango ya ji ƙyama, ya sa yara su kwashe ruwa duka, su goge da sabulu da burushi, su baza tsakuwa a rana. Ya koma ranar farko ke nan, da kifi manya masu cin abinci da yawa. Tsakuwar matata ba a wanke ta sai ruwa ya fara toshewa, a wanke kuma da ruwan kandamin, sashe yau, sashe bayan mako. Haka masu farfasa kafso su zuba cikin ruwa duk sa'ad da kifi ya yi sanyi: maganin yana kashe ma'aikatan matata, cutar da a ke zato kuwa sau da yawa babu ita, gubar ruwa ce. Dabbar da mutum ya tsare amana ce a wuyansa, kamar yadda malamai su ka sani daga labarin matar da ta kulle kyanwa, kifin kandami kuwa ba abincinsa kaɗai ke hannun mai shi ba, har numfashinsa.

Mai kiwo ya sani kuma matata ɗaya ba ta isa har ƙarshe. Kifin nan 500, in kowane ya kai rabin kilo, za su ci wajen kilo 5 a yini, ninki ashirin na farko, amoniya ma haka. Sai a ƙara duro na biyu da na uku tun da wuri, a kuma ci gaba da canja wani sashe na ruwa. Aikin halittun yana tsamar da ruwa a hankali, in ma'aunin ya sauko ƙasa da 6.5 su kan yi rauni; ɓawon ƙwai dakakke ko guntayen farin dutse cikin matata suna gyara wannan sannu-sannu, ba da fizga irin ta kanwa ba.

Naitiret da ya taru ba ya fita sai da canjin ruwa ko ta saiwar shuka. Kada a saki wannan ruwa a lungu ya kwanta a ƙofar maƙwabta ya tara sauro. A haƙa masa 'yar hanya zuwa gindin ayaba, ko zogale, ko fangalin alayyafo da yakuwa, sai dai wanda a ka sa wa gishiri, shi a kai shi magudana.